A Bar Wa Unguwa Hanya Tun Tana Gona

Duk wanda ya tashi a bayan garin Kano, a Ɗorayi ko Kurna ko Sheka ko Hotoro, a shekarun 1980 zuwa farkon 1990, in zai ba da labarin yarintarsa, da fili yake farawa. Gida biyar a nan, kango a can, gonar dawa ta ratsa tsakani. Da an yi girbi an kwashe kara, gonar ta zama filin ƙwallo har faɗuwar ruwa. Ga ɗorawa da tsamiya, ga kududdufin da aka gina rabin unguwar da ƙasarsa, maza na langa, 'yan mata na gaɗa in farin wata ya fito. Labarin gaskiya ne. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ko taku ɗaya na wannan fili ba mallakar unguwa ba ne. Gonar wani ce da bai kai ga sayarwa ba, ko fulotin wani da bai samu kuɗin gini ba. Ranar da mai abu ya waiwayi abinsa, zance ya ƙare.

Yau waɗancan unguwanni sun shige cikin gari. Bayan garin ya matsa zuwa Danbare da Janguza da Gaida da Wailari da Rimin Kebe, ya cika Kumbotso da Ungogo, yana taɓa ƙasar Dawakin Kudu da Gezawa da Tofa. Yaran da ke tasowa a can suna cin irin sararin aron da na baya suka ci, kuma zai ƙare musu kamar yadda ya ƙare wa na baya, domin yawancin filayen awon igiya ne, wato gonakin da ake yankawa fuloti-fuloti ba tare da tsarin hukuma ba. Ra'ayina shi ne kada a ci gaba da ɓata lokaci wajen shelar hana awon igiya. A yarda da shi, a sa masa sharuɗɗa kaɗan masu tsauri, a tsare su a ranar awo, don bayan wannan ranar gyara sai da rusau.

Ga yadda abin ke gudana. Mai gona ya rasu, magada sun yi yawa, kowa na son kasonsa a hannu. Ko kuma yana raye, amma ya ga gari ya tunkaro shi. Dillalin filaye sai ya saye gonar dunƙule, sau da yawa ya ba da kafin alƙalami, cikon kuɗin sai ya fara sayarwa. Ranar awo za ka ga mutum huɗu ko biyar da igiya ko tef, da damin fegi, da wakilin mai unguwa. Su kama iyaka mafi tsawo, su auna ƙafa 50 su buga fegi, su ƙara 50 su buga. In sun jera layi biyu baya da baya, sai su tsallake 'yar tazara su ce nan ce hanya. Ba wanda ya zo da na'urar duba gangare, ba wanda ya tambayi inda ruwan gonar yake bi da damina, alhali tsohon da ya noma ta shekara talatin yana tsaye a wurin. A rubuta takardar ciniki: gabas wane, yamma wane, arewa wane, kudu hanya. Mai saye da mai sayarwa da shaidu su sa hannu, mai unguwa ya buga hatimi, a ba da la'ada. Mai saye ya kafa bulo a kusurwa huɗu ya tafi neman kuɗin fandisho.

Dalilin ƙuntata hanya lissafi ne kawai. Eka ɗaya murabba'in ƙafa 43,560 ce, eka biyar kuwa 217,800. Idan fulotin 50 da 50 ake yankawa, aka bar lungu mai faɗin ƙafa 12 bayan kowane layi biyu, za a fitar da fuloti kusan 77. Idan aka bar titi mai ƙafa 30, za su dawo kusan 67. Fuloti goma ke nan suka fita daga aljihun mutumin da bai gama biyan magada ba, kuma ba a unguwar zai zauna ba. Babu wa'azin da zai sa ya bar su don kansa matuƙar dillalin gonar da ke kusa bai bari ba. Ita ma gonar kusa wani ne zai auna ta, a wata shekarar, daga wata iyakar. Shi ya sa lungunan ba sa haɗuwa. Ka bi layi miƙe, sai ka tarar da bayan katangar wani.

Ƙafa 12 ɗin ma ba ta tsira. Kowane gida zai fitar da dakali, ƙafa biyu a wannan hannu, biyu a wancan, saura takwas. Wanda ya raba fulotinsa gida biyu ya sayar da 25 da 50 ba shi da wurin sokawe a ciki, sai ya haƙa a ƙofar gida ya rufe da silab. A kafa falwaya. Kwatar kowane gida ta zubo tsakiya. Tifar yashi faɗinta ya kai ƙafa takwas, haka motar kashe gobara, haka motar haƙa rijiyar burtsatse, haka motar kwasar masai. Duk ba mai shiga. Mai gini a ƙuryar layi sai a juye masa yashi a bakin titi, ya sake biyan masu baro su shigo da shi, kowane bulo ya hau kansa da tsada fiye da na mai kuɗin da ke unguwar da aka tsara. Adaidaita sahu biyu ba sa gifta juna. In naƙuda ta kama mace da tsakar dare a watan Agusta, mata biyu ne za su riƙo ta, wani yana haska musu da fitilar waya, suna taka duwatsun da aka jera cikin caɓi har su kai inda mota ta iya tsayawa. Wannan tafiyar tun ranar da aka buga fegi aka yanke mata ita.

Wasu kan kawo hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim, cewa in an yi saɓani a kan hanya a sanya faɗinta zira'i bakwai, su ce ai lungun ya cika sharaɗi. Zira'i bakwai ƙafa goma sha ɗaya ne ko kusa da haka, ma'aunin da zai ba dabba mai ɗauke da kaya damar wucewa. Abin da hadisin ya kafa shi ne hanya haƙƙi ce ta jama'a wadda mai fili ba shi da ikon cinye ta, kuma ana auna ta da abin da zai bi ta kai. Abin da ke bin hanyarmu yau tifa ce da motar asibiti.

Sai ruwa, wanda shi ne babbar masifar. Gona tana shanye yawancin ruwan da ya zuba a kanta. Gidan 50 da 50 da aka rufe da kwano aka shafe tsakar gidansa da siminti ba ya shan komai. Fulotin murabba'in mita 232 ne. Ruwan sama na milimita 50, irin wanda ake yi a yini guda cikin Agusta, zai sauko masa da lita dubu 11 da ɗari shida, wato duro 58. Gida 77 za su turo kusan lita dubu 900 cikin lungun da ba shi da lambatu. Ruwan zai nemi tsohuwar makwararsa, sai ya tarar an gina ta, domin dillali ya sayar da ita a kan farashi mai sauƙi da rani, lokacin da take a bushe. Zai nemi kududdufi, sai ya tarar an cike shi da shara an yanka. Daga nan gasar ɗaga fandisho ke farawa. Wanda ya zo daga baya ya ɗaga nasa bulo biyar, ya zuba burji a ƙofar gidansa. Na kusa da shi ya ɗaga bakwai. Wanda ya fara zuwa unguwar, galibi shi ne mafi ƙarancin hali, sai ya wayi gari gidansa ya koma rami, ana sauka da matakala kafin a shiga soro. Damshi ya hau bango, filasta ta riƙa zuba, in ginin ƙasa ne wata damina ya zauna. Rigimar da masu unguwanni suka fi sasantawa daga Yuli zuwa Satumba ita ce ta wane ya toshe kwata, wane ya juyo mini ruwa. Mutanen kirki ne da ke sallah a sahu ɗaya, awo ne ya haɗa su faɗa.

Ruwan sha ma nan ya lalace. Ƙa'idar da ma'aikatan tsafta ke bi ita ce a bar aƙalla mita 30, kusan ƙafa 100, tsakanin masai da rijiya. Fulotin 50 da 50, daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, ƙafa 70 ne da ɗoriya. Ko mai gida ya so bin ƙa'ida ba zai iya ba, kuma bai san inda maƙwabcinsa na baya ya haƙa tasa shaddar ba, wataƙila bango ne kawai ya raba ta da rijiyarsa. Da damina ruwan ƙasa ya taso, su gauraya, taifot da amai da gudawa su biyo baya. Rijiyar burtsatse tana taimakawa ne in an yi mata bututu mai kyau an kuma toshe wuyanta da siminti don kada ruwan sama-sama ya gangara ciki, kuma masu arha sukan tsallake wannan matakin. Ko da matatun Challawa da Tamburawa da Watari sun wadatar da ruwa, bututu hanya yake bi. Ba a shimfiɗa shi a lungun da sokawe ya cinye gefensa biyu. Saura 'yan garuwa da kurarsu, kuma wanda ke sayen ruwa jarka-jarka shi ya fi kowa biyan tsada a kan kowace lita.

Wuta ba ta buƙatar dogon bayani. Ba a bar wurin tiransifoma ba, sai a jawo siririyar waya daga unguwar da ke gaba, tun tana mita ɗari biyu har ta zarce kilomita, ƙarfin ya zube a hanya, fanka na juyi da ƙyar, firji na ƙonewa. Mafi muni, ana yanka filaye a ƙarƙashin manyan layukan da ke fita daga tashar Kumbotso, alhali ƙa'ida ta keɓe faɗin mita 30 ga layin 132kV, mita 50 ga na 330kV.

Makaranta da makabarta da asibitin sha-ka-tafi da filin wasa kuwa ba su cikin lissafi tun farko. Unguwa ta kai gida dubu biyu, sannan a tashi neman inda za a sa firamare, a tarar fuloti ɗaya ya fi ƙarfin kwamitin unguwa. Sai makarantun kuɗi su buɗe a gidajen haya masu ɗaki huɗu, yara su yi shekara shida ba su taɓa gudu a harabar makaranta ba. Gawa kuma a ɗauke ta zuwa makabartar wani ƙauye da ita ma ta kusa cika.

To me zai hana a hana shi kawai? An sha yin shelar. Gwamnatocin Kano daban-daban sun ce sun haramta awon igiya, hukumar tsara birni, daga lokacin da ake ce mata KASEPPA har ta zama KNUPDA, ta sha shafa jan fenti, amma awo bai tsaya ba. Ba taurin kai ne ya jawo ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna, kuma in an karɓi gona don amfanin jama'a, diyyar da dokar ta tanada ta amfanin gona ce da bishiyoyi da gini, ba ta darajar ƙasar kanta ba. Manomin da ke bakin gari ya san wannan sarai. Da ya ji ƙishin-ƙishin cewa gwamnati za ta yanka filaye a yankinsu, sai ya riga ta. Ta ɓangaren mai saye kuma, fulotin gwamnati kaɗan ne, samunsa sai da hanya, in ya fito kasuwa ya fi ƙarfin malamin firamare da tela da direban adaidaita sahu. Rukunin gidaje irin Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, da aka gina tsakanin 2011 da 2015, an tsara su da faɗin titi da magudanai, amma ba don mai tara kuɗin bulo ɗari-ɗari aka yi su ba. Awon igiya shi ne ya bai wa talakan Kano gidan kansa. Wanda ya ce a kashe shi, sai ya faɗi inda mutanen za su kwana. Kano ta taɓa samun cikakken tsari, wanda wani masanin tsara birane mai suna Trevallion ya zana na shekara ashirin daga 1963 zuwa 1983, amma gari ya tsere wa takarda, domin takarda ba ta zuwa gona ranar da ake buga fegi.

Tun ran gini tun ran zane. Abin da ya kamata gwamnati ta fara yi ba ya buƙatar kwalta ko kwangila. Ta fita gaban gari da nisan kilomita biyar zuwa goma, ta hanyar Gwarzo da Madobi da Zariya da Wudil da Haɗeja da Katsina, ta fitar da layin manyan tituna masu faɗin mita 30, tazarar kilomita guda tsakanin kowane biyu, yadda duk inda mutum ya gina ba zai yi tafiyar da ta wuce minti goma ba kafin ya samu mota. Biranen Habasha irin su Hawasa da Adama sun bi wannan hanya tun daga 2013. A biya masu gonakin da layin ya ratsa kuɗin da ya yi daidai da kasuwa tun gona na da arha, a kafa turakun siminti, a jera darbejiya a gefe biyu, a bar manomi ya ci gaba da noma wurin har ranar da za a buƙace shi. Bishiya ta fi fegi wuyar tugewa da dare, kuma kowa na ganin layinta daga nesa. A lokaci guda a bi makwararar ruwa da kududdufai da damina, ba da rani ba, a sa musu alama, a ce nan ba a sayarwa.

Cikin kowane murabba'in da titunan suka kewaye, a bar masu gona da dillalai su yi awonsu, da sharaɗi uku. Layi kada ya gaza ƙafa 30: ƙafa biyu-biyu na lambatu, uku-uku na falwaya da bishiya, 20 na mota biyu. Kowane layi dole ya ɓulle, ya kuma haɗu da na gonar da ke maƙwabtaka, ko da ba a auna ta ba tukuna, wato a kai shi har iyaka a bar shi a buɗe. Sannan kashi ɗaya cikin goma na gonar na jama'a ne. Ƙananan gonaki su haɗa kasonsu wuri guda, don rabin eka a nan rabin eka a can ba ya yin makaranta. Safiyo ɗaya da na'urarsa zai gama eka biyar a yini guda. A ajiye shi a ofishin hakimi, a ƙayyade kuɗinsa a manna a bango, a ce cikin kwana 30 ko dai a amince da zanen ko a faɗi abin da za a gyara. Wanda ya bi wannan, masu sayen fulotinsa su samu lambar rajista da za ta kai su ga takardar mallaka ba tare da sun sake bin layi ba. Wannan ce ribar da za ta jawo dillali da ƙafarsa, domin fuloti mai rajista ya fi saurin shiga.

Za a ce fili zai yi tsada, kuma zai yi. Waccan gona mai eka biyar za ta sauko daga fuloti 77 zuwa kusan 60. In mai sayarwa zai samu kuɗinsa cif, kowane fuloti zai ƙaru da fiye da rubu'i. Ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya yi shekaru yana adashi. Amma a ɗora shi a ma'auni da kuɗin baro, da tifar burji duk damina, da sake filasta, da jarkar ruwa kullum, da kuɗin asibiti. Sau ɗaya ake biyan na farko, na biyun kuwa har jikoki. Kuma maganin tsadar yana nan: a halatta ƙaramin fuloti. A bar mutum ya sayi 30 da 50 a kan titi mai faɗi. Ƙaramin gida ana iya hawa sama da shi in hali ya samu, ko a sayi na kusa a haɗa. Ƙaramar hanya ba ta da irin wannan gyaran.

Tsoro na biyu ya fi wannan nauyi, kuma mutanen Kano suna da dalilinsa: an ga filayen makarantu da gefen makabartu da na masallatan idi sun koma shaguna. Me zai sa mai gona ya bar kashi ɗaya cikin goma in ya san wani mai hanya ne zai cinye? Don haka kada filin ya tafi da sunan wani ofis shi kaɗai. A rubuta shi waƙafi ga unguwar, a faɗi abin da aka keɓe shi dominsa, kwafi ɗaya wurin hakimi, ɗaya a kotun shari'a ta yankin, ɗaya a hukumar filaye, a karanta iyakokinsa a masallacin Juma'a. Sannan a fara amfani da shi a shekarar, ko da aji biyu ne na langa-langa ko katangar bulo uku.

Unguwannin da suka riga suka cika ba a bar su ba, sai dai abin da ya rage kaɗan ne. A hana cike sauran kududdufai, a yashe su a kewaye su saboda yara. Kwamitin unguwa ya sayi kangon da ya toshe layi biyu ya fasa shi tun mai shi bai gina ba. Aikin gayya na lambatu a fara shi daga gangare a hauro, ba kowa ya gina na ƙofar gidansa da zurfin da ya ga dama ba, don lambatun da bai da mafita tafki ne na sauro. A tsayar da tsayin dakali da na fandisho ɗaya ga layi gaba ɗaya.

Duk wannan a hannun mai unguwa zai tsaya ko ya faɗi. Shi ne kaɗai hukumar da ke wurin ranar awo, ya san gonar, ya san inda ruwa ke kwanciya, kuma ba mai sayen fili ba tare da hatiminsa ba. Amma a yanzu abin da yake samu yana ƙaruwa ne da yawan takardun da ya buga wa hatimi, wato shi ma fuloti 77 sun fi masa 60. Masarauta da gwamnati su juya wannan: a yanka masa kaso bayyananne daga kuɗin rajistar kowane awon da ya cika sharuɗɗan nan uku, wanda kuma ya sa hatimi a filin da ke kan makwarara ko ƙarƙashin babban layin wuta ya amsa tambaya a gaban hakimi.